Kunnen da Ya Rage wa Gali

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Azare cikin shekaru ashirin ɗin nan, ya ji kiɗa yana dukan ƙirjinsa tun daga bakin layi, to da wuya in ba aikin Malam Gali ya ji ba. Shi ba makaɗi ba ne, ba ya kuma cikin masu sa kiɗa a na'ura. Kafinta ne, kuma abu ɗaya ya iya wanda ya gagari sauran: akwatin da ake dasa babbar sifika a ciki, mai fitar da bas, wato kaurin sautin nan da ba kunne kaɗai ke jin sa ba, har kayan ciki. Jama'a sun ɗauka akwati ai akwati ne, allo shida ne a buga musu ƙusa. Ka faɗi haka a gaban Gali, ka ɓata masa yini guda.

A tsohon garin Katagum aka haife shi, gidan masassaƙa. Mahaifinsa turmi yake sassaƙawa, kuma bai taɓa sa gatari a gungume ba sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙota ya kara kunne, ya ji ko akwai ruɓa a ciki. Gali bai gaji gona ba, bai gaji saniya ba, kunnen nan kaɗai ya gada. Da shi ya zo Azare yana saurayi ya koyi kafinta, ya yi shekaru yana buga gadajen amare da ƙofofi, har lokacin da masu sa kiɗan biki suka yawaita, 'yan siyasa da masu tallar magani a mota su ma suka shiga neman abin da zai kai muryarsu ƙarshen kasuwa. Akwatunan kanti da ake kawowa daga Kano ga tsada, ga rashin jure hanya. Sai aka koma sayen sifika tsirara, a kawo wa kafinta ya yi mata ɗaki.

Kafintoci da yawa sun gwada. Nasu kan yi kyau a ido, an lulluɓe da baƙin kafet, an sa ƙarfe a kusurwa, amma da zarar an ƙure murya sai ka ji jikin akwatin yana zuu kamar ƙudan zuma a gwangwani. Gali ya ce laifin farko na allo ne. Akwai wanda ake yi da garin katako a matse da gam, emdiyaf a bakin 'yan kasuwa. Yana da nauyi, ba ya surutu, amma ruwa ya taɓa shi sau ɗaya sai ya kumbura kamar burodi, kuma in aka ɗora shi a bayan a-kori-kura zuwa Shira sau uku, sukurorin da ke jikinsa sai su fara zare kansu. Akwai ɗan'uwansa mai manyan ɓarɓashi, wanda Gali ko kallo bai ishe shi ba. Shi filawud yake so, wato falle-fallen katako da aka manne hawa-hawa, mai kauri, tiri-kwata, kusan inci guda, kuma sai ya duba gefensa ya ga hawa nawa ne kafin ya saya. Fuskar da sifika za ta zauna yakan ninka ta biyu. Ƙusa ba ta shiga aikinsa, sai gam da sukuru.

Laifi na biyu a ciki yake, inda mai saye ba ya gani. Sandunan da ake tokare allunan da su, Gali haƙarƙari yake kiran su. Busasshen maɗaci yake tsagawa, ya ɗaure gefe da gefe, gaba da baya, kuma ba ya taɓa sa tokari a tsakiyar allo daidai. Yakan ɗan kauce da shi, don ya ce in ka raba allo biyu daidai, ganguna biyu masu murya ɗaya ka yi. Duk wanda ya yi masa ƙorafin nauyi, amsa ɗaya ce. "Ai ba ganga na yi maka ba. Sifika ce za ta yi magana, shi akwati aikinsa ya yi shiru ya riƙe ta."

To ta yaya yake sanin inda allo ke buƙatar haƙarƙari? Nan masifar take. Ba ya aunawa da wata na'ura. Yakan haɗa akwatin, ya sa mai kaya ya ta da janareta ya ƙure kiɗa, sannan ya durƙusa ya manna kunnensa a jikin allon, yana bin sa taƙi-taƙi da alli a hannu. Inda ya ji allo yana tanka wa sifika, ya zana da'ira. Sai ya kwance murfin baya ya tokare wurin, a sake kunnawa, ya sake mannawa. Akwati ɗaya yakan ci sauraro biyar ko shida. Mai hankali ko taku goma ba ya son matsowa kusa da irin wannan sifika in tana aiki, shi kuwa kansa yake ɗora mata, shekara da shekaru, mutane na tsaye suna yi masa kirari. Babu abin kirari a ciki. Mutum ne kawai yake rabar da kunnensa kaɗan-kaɗan, yana jin daɗin ana cewa babu kamarsa.

Matarsa Mariyamu Bafulatana ce, daga wata ruga kusa da Sakwa, kuma zaman birni bai rage mata komai na fulako ba. Ba ta ɗaga murya. In za ta yi masa magana kanta a sunkuye yake, idonta a kan abin da ke hannunta. Shekara talatin da ɗaya suna tare, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. A gaban mutane Maigida ne, in su biyu ne kuwa sai ta yi gyaran murya, ya juyo. Akwai wani mai tallar kayan miya a unguwar da shi ma ake kira Gali, ta gwammace ya wuce da tumatirinsa da ta kira shi. Mijin yakan tsokane ta, ya ce ko ranar da ya mutu wancan mutumin za ta ce, sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariyar da ba a jin ta. Cikin 'ya'yan da suka haifa ɗaya Allah ya bar musu, Surayya, ita ma tana aure a Jama'are. Gidan su biyu ne, kuma muryarta ce kaɗai a cikinsa bayan tasa.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Ya lura in ya kwanta a kan na dama, kiran sallar asuba yakan wuce shi. Ya yi shekara yana ɓoyewa, har Surayya ta zo ganin gida ta ga yadda yake karkata kai kamar zakara in ana magana, ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan kunne. Likitan bai yi masa kwana-kwana ba.

"Malam, na hagu ya mutu. Na dama da saura, amma kaɗan ne. In ka lallaɓa shi zai kai ka tsufa. In ka sake manna shi a jikin waccan ƙarar, to ka yi sallama da shi, kuma ba ya dawowa."

Da suka koma gida Mariyamu ta ajiye masa kwanon abinci, maimakon ta tashi sai ta zauna ta ɓangaren damansa. Ranar ta yi maganar da ta fi kowace tsawo tun da ya san ta.

"Maigida, ni ban iya ihu ba, ban kuma iya rubutu ba. In wannan ma ya tafi, da me zan yi maka magana?"

Ya yi mata alkawari, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. Ya saki shagonsa na kasuwar katako, ya dawo da bencin aiki gida ƙarƙashin rumfa, ya koma ƙofofi da kujerun makaranta. Shekara biyu aka yi haka. Ita kuma ta sake tsarin gidan ba tare da ta ce komai ba: tabarmarta, murhunta, wurin tsince shinkafarta, duk suka koma hannun damansa.

Ana nan sai ga Zayyad, wanda ya fi kowa kayan sauti a garin, kuma da akwatunan Gali ya fara har ya yi tumbi. Ya sauke sifika biyu masu inci goma sha takwas a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam, mutum uku na kai wa, duk sun ɓata mini katako. Ba sai ka saurara ba wallahi. Kai ai hannunka ma ya haddace."

Maganar ta yi wa Gali daɗi fiye da yadda ya kamata. Ya gaya wa Mariyamu haɗawa kawai zai yi, ba za a kunna komai a gabansa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ya ɗauki hakan a matsayin yarda.

Abin da bai sani ba, filawud ɗin kasuwa ya sake hali cikin shekarun da ya yi a gida. Fuska sumul, gefe ma an cike shi da kyau, amma can tsakiya akwai wuraren da babu komai sai iska. Ya ƙwanƙwasa allunan kamar yadda mahaifinsa ke yi wa gungume, kunnensa ya ce masa lafiya lau. Da kunnen da ne, da tun a bugun farko ya mayar wa mai shi. Ya yanka, ya ninka fuska, ya tsaga maɗaci ya jera haƙarƙari a inda ya saba jerawa, ya miƙa aiki.

Bayan sati biyu, an fito daga sallar Juma'a ana gaisawa, Zayyad ya matso kusa da kunnen damansa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, akwatinka ɗaya ya yi mana waƙa a bikin Shira! Har uwar amarya ta aiko a tambaya ko ƙudan zuma muka zo da su."

Aka yi dariya. Wani kafinta da ya daɗe yana jiran irin wannan rana ya ce ai kunnen ne ya yi ritaya, a bar dattijo ya huta. Wannan kam Gali ya ji ta sarai. Abin haushi da raunin ji ke nan, maganar da za ta ƙona ka ita ce ba ta kuskure ka.

Kwana uku maganar tana cin sa. Ya je ya shafa akwatin, ya ƙwanƙwasa, ya kwance murfi ya girgiza kowane tokari, bai ga komai ba. A rana ta huɗu da hantsi ya ce wa Mariyamu zai je sayen gam. Ya wuce kai tsaye wurin ajiyar kayan Zayyad, ya ce a ta da janareta. Zayyad ya ce ba likita ya hana ba? Gali ya ce minti biyu ne, ai ba a kansa zai kwana ba.

Bai gano wurin a minti biyu ba. Zuu ɗin ba ya fitowa sai an ƙure murya, don haka ya yi ta ɗaga hannu a ƙara. Ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya bi sama, haƙoransa suna kaɗawa a baki. A allon baya ya kama shi, tsakanin haƙarƙari biyu, wuri bai fi tafin hannu ba. Ya zana da'irarsa, ya miƙe yana murmushi, ya yi alama a kashe.

Ya ga Zayyad ya murɗa abin kashewa. Ya ga janareta ta daina rawa. Ya ga bakin Zayyad yana motsi, ya ga wata akuya a bakin ƙofa ta buɗe baki ta rufe. Abin da ke cikin kansa kuwa shuu ne kawai, siriri, marar yankewa.

Da aka fasa wurin da ya zana, rami ne a tsakiyar allon, daidai inda allinsa ya kewaye. Ya sake allon, akwatin ya yi shiru kamar dutse, Zayyad ya yi ta yawo da labarin, har ya kawo wasu biyu a yi masa. Sunan Gali ya dawo inda yake.

Bai gaya wa Mariyamu ba. Ya ce wa kansa ai a da ma yakan yi kwana biyu yana jin shuu ɗin nan sannan ya washe. Ya riƙa ɗiga man zaitun a ɓoye. Kunya ce ta hana shi, da tsoron idon da za ta ɗago ta dube shi da shi. Kuma ɓoyewar ba ta yi wuya ba, don wanda ya yi shekara talatin da mace ya san abin da take faɗa a kowane lokaci: da safe maganar cefane, da yamma ruwan wanka. Tun da kanta a sunkuye take magana, ba ya ganin leɓenta, sai ya riƙa satar kallon kumatunta. In ya ga sun motsa sun tsaya, ya ce to, ko ya ce madalla. Kwana goma sha tara ya yi yana amsa maganar da bai ji ba.

Ranar Alhamis ce, ana tsakiyar zafin bazara. Ya dawo daga azahar ya zauna a bencinsa, ya ba ɗakinta baya don hasken ta can ya fi, yana shafa gam yana buga haƙarƙari a sabon akwatin Zayyad da gudumar katako. Aikin ya yi masa daɗi ranar, kowane tokari ya shiga daram. Bai ɗago ba sai da ya ji an zungure shi da sanda a baya. Goggo Hauwa ce, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su, ga ta tsaye a kansa bakinta a wangale, tana nuna ɗakin da sandarta.

Mariyamu tana ƙasa tsakanin gado da ƙofa. Bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya saki. Hannun hagu ta miƙa ta kama gefen labule ta janye shi kaɗan. Da ya durƙusa ya ɗago ta, ya duba ta inda ta janye ɗin, sai ya ga bencinsa, taku goma bai cika ba. Duk tsawon lokacin nan bayansa take kallo.

A asibiti likitoci suka yi ta yi masa bayani yana gyaɗa kai. Sai da Surayya ta iso daga Jama'are asirinsa ya tonu. Ta tsaya a gabansa tana kuka tana tambayarsa, ya dubi bakinta, ya ce madalla. Nan ta gane ba ya ji. Sannan ta karɓi biro a hannun wata ma'aikaciya, ta juya takardar magani ta rubuta da manyan baƙaƙe, don ta san karatun bokonsa a firamare ya tsaya. Ya bi da yatsa. Hawan jini ne, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da wataƙila an ceci maganarta. A ƙasa ta ƙara wasu layuka, har biron ya huda takardar. Inna ta kira ni ranar Litinin, ta ce kanta yana sarawa kwana uku. Ta ce ta gaya maka sau biyu ka ce madalla. Ta ce kar in ga laifinka, aiki ne ya yi maka yawa.

Mariyamu ta rayu. Bayan wata guda aka dawo da ita gida, tana gane mutane, tana cin abinci in an ba ta a baki, amma magana ta tafi.

Sai a lokacin ya shiga yi wa Goggo Hauwa godiya. Abin da tsohuwar ta ji ranar, duk unguwa an sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Ta gaya wa maƙwabta cewa da farko gyaran murya ta ji ta bayan katanga. Sannan Maigida, sau biyu. Aka yi shiru. Can sai ta ji sunansa, har sau uku, da wata irin murya da ba ta taɓa sanin Mariyamu tana da ita ba. Ta kuma ji guduma ba ta fasa ba, ƙwas, ƙwas, sai ta ɗauka faɗan miji da mata ne, yana ji ya ƙi amsawa, kuma ba a shiga irin wannan. Sai da aka kira la'asar ba ta ji motsin buta ba, ta ja sandarta ta zagayo.

Babu yadda za ta faɗa masa duk wannan, ita ma ba rubutu ta iya ba. Sai ta zaunar da shi, ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa saitin tata. Ta nuna gidansa. Ta dafa maƙogwaronta. Ta buɗe baki a hankali ta ce Gali. Ya ɗauka kiran sa take, ya ce na'am, Goggo. Ta girgiza kai, ta sake nuna ɗakin Mariyamu, ta sake faɗa, ta ɗaga yatsu uku.

Ya daɗe zaune yana kallon yatsun. Daga baya ya tambaye ta, da muryar kurma wadda ba ta san iyakarta ba, "Goggo, yaya ta faɗe shi?" Tsohuwar ta buɗe baki za ta kwatanta, ta tuna, ta rufe.

Har yau yana yin akwati, don yanzu babu abin da ƙara za ta ƙara ɗauke masa. Da tafin hannu yake bin allo, wani lokaci da goshi, kuma ba ya sayen filawud sai an yanka masa gefe ya ga cikinsa. Masu kiɗa sun ce aikinsa na yanzu ya fi na da. In sun faɗa masa ba ya ji, in ma ya gane ba ya murmushi. Ya juya bencinsa ya fuskanci ƙofarta, ya cire labulen gaba ɗaya, duk bugu biyu sai ya ɗago ya duba.

Bayan la'asar yakan wanke gam daga hannunsa ya shiga ya zauna ta gefenta mai lafiya. Ya ba ta kunu, ya goge mata baki. Sannan ya ɗora tafinsa a maƙogwaronta, a hankali, ya ce, "Mariyamu, sake faɗa." Yanzu ba ta sunkuyar da kai, idonsa take kallo. Leɓenta ya yi ta ƙoƙari, wani abu ya ɗan kaɗa a ƙarƙashin hannunsa ya tsaya. Ya yi shekara ashirin yana gane abin da kowace rawar allo ke nufi, amma wannan ya kasa sanin ko sunan ne. Sai ya bar hannun a wurin har a kira magariba, ita ce take taɓa gwiwarsa ta sanar da shi an kira.